Taurarin Malam Zahari

"Ba a taɓa rubuta layin da zai gagare ni bayani ba. Ko kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda, ku kawo mini, zan gaya muku abin da take nufi."

Malam Zahari Kukushev ke nan, tsohon malamin tarihi na ƙauyenmu, yana buga tebur a gidan karatu. Abokina, in ba ka san Zahari ba ka huta. Mutum ne da za ka ce masa ina kwana, ya tsayar da kai ya warware maka asalin safiya. Sarkin Sharhi muke kiransa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Abin da ya tsone masa ido shi ne kujerar shugaban gidan karatu. Mai ita ya tsufa ya sauka, aka sa zaɓe ranar ƙaddamar da waƙoƙin marigayi Stamen mai kiwon zuma. Matar marigayin, Inna Tsonka, ita ta damƙa wa Zahari takardun, ta ce ya ɗan sa bayani a gindin shafi inda kalma ta tsufa, don jikokinta na birnin Sofiya su gane. Aikin ba wuya: ka ɗora alamar tauraro a kan kalmar, ka sauko ƙasa ka warware ta a layi ɗaya, ka koma gefe.

Zahari bai san hanyar gefe ba. Ya yi ta zuba taurari har baitin Stamen ya maƙale a can sama, layi biyu, sharhi ya cinye sauran shafin. Kalmar "ruwa" ma sai da ta samu nata. Kuma don masu zaɓe su san irin ƙwaƙwalwar da Allah ya ajiye musu a gari, ya riƙa raba musu shafukan gwaji tun kafin a kai maɗaba'a a Gabrovo.

Fada Metodi, limamin cocinmu, shi ya fara dacewa. Stamen ya rubuta cewa wata Lahadi ƙararrawar coci ta makara. A ƙasa Zahari ya bayyana cewa ƙararrawa ba ta makara da kanta, ranar Asabar ɗin ce Fada ya sauke tukunyar barasar inabinsa, kuma shi ne mai ɗanɗanawa. Fada ya zo gemu na rawa, ya ce a goge. Zahari ya ce ilimi ba ya gogewa, sai dai a yi gyara. Ya ɗora wa tauraron wani tauraro: "Fada ya musanta wannan batu, amma da ya zo musantawar yana warin abin."

Ignat mai burodi kuwa, baitin da ya yabi burodi mara nauyi ne ya jawo aka yi wa sikelinsa sharhi. Tun ranar Zahari sai ya hau keke zuwa ƙauyen gaba kafin ya karya kumallo.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Inna Tsonka. Akwai waƙar wata mai koren ido a bakin rijiya. Gogan naka ya rubuta cewa ya duba idon matar marigayi da kyau, baƙi ne wuluk, saboda haka ba da ita ake ba. Ya jera sunayen masu koren ido na garin, har da waɗanda mazansu ke raye da ƙarfinsu.

"Malam," in ji tsohuwar, "tun ina amarya nake karanta waƙar nan ina jin da ni ake."

"Ai amfanin bayani ke nan, Inna. Yana fitar da mutum daga duhu."

Ranar taro zaure ya cika, don kowa yana son ya ga ko sunansa ya faɗo ƙasan shafi. Al'adarmu a karanta waƙa, a yi shiru, a tafa. Zahari ya ce sam, duk inda aka iso tauraro sai a dakata masa. Kofi ya huce, tsofaffi suka fara gyangyaɗi, har aka kai waƙar ƙarshe mai suna "Maƙwabcina". A cikinta Stamen ya koka da wani dolo mai surutu wanda ƙudan zuma ma ke barin amya in ya buɗe baki.

Zahari ya miƙe yana murmushi, ya ce a nan ne gwanintarsa ta kai maƙura. Da farko, maƙwabci a harshen mawaƙa ba ya nufin na jikin katanga, in ba haka ba ai da shi kansa za a ce, tunda gidansa ne a jikin katangar marigayin. Sannan ya tsamo alamomin mutumin daga baitocin: yana rataye tabarau da jan zare, yana sa hular sanyi ko a tsakiyar zafi, kuma ba ya magana sai ya ɗaga ɗan yatsa.

Ya gyara tabaransa mai jan zare, ya share gumin da ke gangarowa daga ƙarƙashin hular, ya ɗaga yatsa.

"Na bi gida-gida ban samu wannan sakaran ba. Wanda ya san shi ya ɗaga hannu, in ƙara a bugu na biyu."

Wallahi hannu bai rage a ƙasa ba. Masu gyangyaɗi suka farka suka ɗaga. Inna Tsonka ta ɗaga biyu. Zahari ya ji daɗi ƙwarai, ya tambaya to wane ne. Hannuwan suka sauko a hankali, duka suka tsaya a saitin hancinsa.

Fada Metodi ya juya wajen sakataren taron cikin natsuwa.

"Kujerar shugaba Tsonka za mu ba. Amma rubuta cewa Malam Zahari ma ya ci zaɓe yau, ba hamayya. Kada ka sa bayani a ƙasa, kowa ya gane."