Ranar da Na Sauka Ƙasa a Bikin Ɗana

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren ɗana Bitrus a Kafanchan ba, ko na so in manta ma matan zumuntar cocinmu ba za su bar ni ba.

Shekara tara ina shan maganin hawan jini. Wata biyu kafin bikin likita ya ce kitse ya yi mini yawa a jini, ya ƙara mini wata 'yar ƙwaya. Ya ce ƙarama ya ba ni da gangan, domin irin maganin hawan jinin da nake sha yana ƙara wa wannan ƙarfi a jiki. Na ce to. (A raina kuwa na ce rowa ce irin ta asibiti.)

Mu a zumuntar mata, in an tashi daga koyon waƙa ranar Alhamis, jaka ake buɗewa. Mai ciwon gwiwa ta ba mai ciwon baya, kowa likita ce. Nan ƙawata Mama Laraba ta ga ƙwayata ta kwashe da dariya.

"Wannan ai na yara ne. Ga nawa, irinsa ne amma babba, yarona ya aiko daga Abuja. Sha, jininki zai wanke tas kafin biki."

Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa, na karɓa har da godiya. Na riƙa haɗa nata da nawa kullum, don kada a yi asarar na asibiti.

Bayan sati uku cinyoyina suka fara ciwo kamar na wuni ina haƙar citta. Hawa Keke Napep ya zama aiki. Na ce gajiyar biki ce, ban gaya wa kowa ba, domin na riga na cika baki cewa ni zan ja rawar uwar ango, dangin amarya daga Nok su ga yadda ake yi.

Ranar ta zo. Aka buga tulun kiɗa, mata suka ɗauki waƙa, na shiga gaba da ankona. Da kiɗa ya yi daɗi sai na sauka ƙasa, irin saukar da aka san ni da ita tun ina budurwa. Na sauka lafiya. Tashi ne ya gagara.

Na yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Matan zumunta kuwa suka ɗauka sabon salo ne, su ma duk suka tsuguna suna jira in tashi su tashi. Mai tulu ta ƙara wuta. Ina ta yi wa Mama Laraba ido, ita kuma tana ihu, "Kashe su, Malama!" Mun daɗe a haka, mata wajen ashirin, kamar kaji a kan ƙwai, kafin na kife gefe ɗaya, ɗankwali ya yi nasa wuri.

Fasto ya fara addu'a. Amarya Rifkatu, wadda nas ce, ta tattaro doguwar rigarta ta durƙusa kusa da ni.

"Mama, wane magani kike sha?"

Na ce na asibiti kawai. Ta buɗe jakata a gaban surukaina, ta ɗago maganin Mama Laraba.

"Wannan fa? Mama, da maganin hawan jininki wannan zai cinye miki naman ƙafa, har ƙoda yana taɓawa. Wa ya ba ki?"

Na waiwaya. Mama Laraba ta tafi duba jalof.

Kunya ta kusa kashe ni. Maza biyu suka ɗauke ni kamar buhun masara, na ƙarasa bikin ɗana a gadon asibiti ana ɗibar jinina. Likita ya dakatar da ƙwayoyin kitsen, da ƙyar ƙafafu suka dawo bayan makonni.

Yanzu ko maganin mura aka miƙo mini, sai na tambayi likita ko zai zauna lafiya da na hawan jini. Rifkatu kuma duk Lahadi sai ta zazzage jakata, ni da kaina nake miƙa mata. Matar da ta ga surukarta ƙafa a sama ranar aurenta, wane iko kuma za ki nuna mata?