Zakin Tsauni da Motar Ragwaye

Jama'a, ku gyara zama, yau za mu yabi babban mutum. Irinsa ba a samun biyu a gari ɗaya, kuma mun gode wa Allah da hakan.

Sunansa Mai Girma Shugaba, Zakin Tsauni. Shi ya raɗa wa kansa, don ya duba ko'ina bai ga wanda ya isa ya raɗa masa ba. A ofis mataimakin darakta ne, a wani sashe da ko masinjan wurin bai san me ake yi a cikinsa ba. Amma a ƙungiyarmu ta masu hawan keke, shi ne daraktan, shi ne mataimakin, shi ne sashen gaba ɗaya.

Asali ba shi ya kafa ƙungiyar ba. Mai Kemis ne, wani bawan Allah mai tumbi da yawan dariya, wanda likita ya ce wa ko ya motsa jiki ko sukari ya motsa shi. Shi ya buɗe guruf a waya, ya tara mu muna fita ranar hutu. Da Shugaba ya shigo, Mai Kemis ya ga mutum ne mai lokaci, sai ya ɗora shi admin don ya taya shi. Kafin wata ya ƙare an kulle guruf, admin kaɗai ke magana. Mai Kemis, duk da shi ma admin ne, ba ya wuce "barka da asuba". Shugaba kuwa saƙon murya yake aikowa, irin wanda za ka kunna, ka yi wanka, ka fito ka tarar yana gabatarwa. Mu namu sauraro da danna babban yatsa.

Kekensa ba ya kwana a waje. A falo yake kwana, gefen talabijin, inda keken ɗinkin matarsa Madam yake a da. Yaro ya taɓa shi, ya taɓa wuta. Ga hular kwano mai tsini, ga tabarau mai kalar bakan gizo, ga matsattsen wando da ya sa maƙwabta suka daina gaishe shi suna kallon ƙasa. Sai takalmin. Wani takalmi ne mai ƙarfe a tafinsa, yana maƙalewa da feda ya ce ƙas. A kan keke ka ga gwani. A ƙasa kuwa tafiya yake kamar akuya a kan tayel.

Kar ku ce bai da tarihi. Ya taɓa hawa gadar sama ta bakin kasuwa ba tare da ya sauka ba. Akwai hoto. Akwai hotuna, a gaskiya, ta kowace kusurwa.

To sai ga Zagayen Tsaunuka ya matso. Tafiya ce ta sau ɗaya a shekara, masu keke daga ko'ina. A tashi da sassafe, a wuni ana hawa da gangara, wanda ya kai ƙarshe kafin a naɗe igiyar rufe gasa a rataya masa lambar yabo. A bayan kowa kuma akwai motar tsintsiya. Aikinta share hanya: duk wanda ya kasa, a yanke lambar da ke jikin kekensa, a loda shi da keken, a kai shi. Ba abin kunya ba ne. Ko gwanaye suna hawa.

Sai dai bana akwai zaɓen ƙungiya bayan zagayen, kuma an fara raɗe-raɗin a mayar da Mai Kemis kan kujera. Maganar ta kai kunnen Zaki. Zaki ya kalli tumbin Mai Kemis, ya kalli taswirar tsaunuka, ya yi murmushi.

Washegari doka ta sauka a guruf.

"'Yan'uwa masu daraja, shugabanci amana ce, kuma amana ƙafa take so. Daga yau, duk ɗan ƙungiyar da motar tsintsiya ta kwaso, ba shi ba muƙami. Ba shugaba, ba admin, ba komai. Wannan ba don kowa na yi ba. Don tarihi na yi."

Muka danna babban yatsa. Mai Kemis ma ya danna.

Bai tsaya nan ba, don alherin mutumin ba shi da birki. Ya je wurin masu shirya zagayen ya ce shi zai ba da motar tsintsiya kyauta. Suka yi ta godiya. Ya ɗauko bas ɗin ƙanin Madam, ya sa aka cire labule, aka cire kujerun baya don kekuna, aka bar benci ɗaya a jikin taga. A gefen motar aka manna fosta mai girman ƙofa: fuskarsa, tabarau, babban yatsa a sama. A ƙasa an rubuta MOTAR RAGWAYE, KYAUTAR ZAKIN TSAUNI. A kan rufi aka ɗaure lasifika, ya naɗi muryarsa da kansa.

Sannan ya ja ƙanin Madam gefe, wanda shi ne direban, ya ba shi umarni a gabanmu.

"Ka saurare ni da kyau. Lasifika ba ta mutuwa, ko mutum ya yi kuka. Taga ba ta rufuwa. Wanda ya hau ba ya sauka sai a filin ƙarshe. Idan kun isa, ka zagaya filin a hankali, jama'a su gan shi."

"Yaya, ko wane ne?"

"Ko ni ne!"

Ya yi dariya har yana dafa mota. Muka taya shi, don ba a barin shugaba ya yi dariya shi kaɗai.

Saura abu ɗaya. Irin waɗannan kekuna suna da faranti biyu masu haƙora a wurin feda, inda sarƙa ke hawa. Babba na gudu ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ƙarami na hawan tudu ne: ƙafa ta yi ta juyawa da sauƙi, keke na rarrafe. Duk wanda ya san tsauni, ƙaramin nan ne abokinsa. Shugaba ya tura kekensa wurin mai gyara ya ce a cire shi.

"Oga, akwai hawa fa a hanyar nan."

"Ni ne hawan. Ƙaramin faranti na masu neman uzuri ne. Nauyi kawai yake ƙara min. Cire."

Aka cire. Ya rataye shi a madubin motarsa, ya ɗauki hoto, ya watsa a guruf da rubutu: "Na sallame shi." Babban yatsa ya yi ta zuba.

Ranar zagaye, filin tashi ya cika maƙil. Kekuna kamar an zazzage su daga buhu, kowa da lamba a gaba. Shugaba ya kutsa sahun farko, ya gyara tabarau. Ana busa usur ya fice kamar an biyo shi da bashi. Gaskiya dai gaskiya ce, a shimfiɗaɗɗiyar hanya mutumin ya yi gudu. Shi ya fara isa rumfar shan ruwa a cikin 'yan ƙungiyarmu. Masu rumfar suka miƙa masa ayaba da ruwa.

"Ku ajiye wa na baya. Zaki ba ya cin ayaba."

Ya tsaya dai an ɗauke shi hoto.

Tudun farko, ya miƙe tsaye a kan feda, yana lilo hagu da dama, ya haye. Tudu na biyu, tabarau ya yi gumi, bakin ya buɗe, ya haye da ƙyar yana wani sauti kamar tsohon janareta. Rana ta take. Sai hanya ta lanƙwasa, ga wanda masu keke ke kira Katanga. Tsauni ne da idan ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensa, hular kwanonka za ta zame.

Shugaba ya taka. Keke ya ɗan matsa. Ya sake takawa. Keke ya yi tunani. Yatsansa ya kai kan maɓallin sauya faranti, ya danna, ya sake dannawa. Sarƙa ta leƙa inda ƙaramin yake a da, ta ga fili, ta dawo. Abokin tafiyar yana can a madubin mota yana shan iska.

Keke ya tsaya cak. Kuma kun tuna takalmin? Ƙafa a maƙale take. Ya murɗa, ta ƙi. Haka Mai Girma ya tafi gefe a hankali, a miƙe, da mutunci, kamar an kwantar da kabad. Ciyawa ce ta karɓe shi. Ko ƙwarzane bai yi ba, sai a zuci.

Nan 'yan ƙungiya suka fara wucewa. Wallahi yawancinmu mun mutu tun a tudu na biyu. Amma duk wanda ya tuna fostar nan da lasifikar nan, sai ƙarfi ya zo masa daga inda bai sani ba. Wanda ya kasa tuƙawa ya sauka ya tura, da takalminsa na roba, yana haki yana salati. Babu mai son hawa motar ragwaye. A nan kam dole a yaba wa Shugaba: bai taɓa ƙarfafa mana gwiwa irin na ranar ba.

Can sai ga Mai Kemis. Yana kan ƙaramin faranti, ƙafafu na juyawa kamar tela na gaggawar ɗinki, keken kuwa ko mai tafiya a ƙasa zai wuce shi. Ayaba a hannu ɗaya.

"Sannu Shugaba. Hutawa ake?"

"Ina kula da na baya ne. Shugaba na gari ba ya barin mabiyansa a daji. Wuce, ina zuwa."

"To Allah ya ba da lada."

Ya wuce, tumbi na gaba, shi na biye.

Da hanya ta yi shiru, Zaki ya tashi ya gwada turawa. Takalmin ƙarfe a kan kwalta mai gangara: taku ɗaya gaba, zamiya biyu baya. Ya cire takalmin, ya taka da safa. Kwalta ta gasa shi, ya yi tsalle ya koma ciyawa. Ya mayar da takalmin. Sai cinyar dama ta ɗaure, ta zama icce. Ya zauna a bakin hanya yana danna ta.

Daga can ƙasan tsauni wata murya ta fara tasowa. Murya mai daɗi, mai natsuwa, wadda ya fi ƙauna a duniya.

"Ɗan'uwa, ka gaji? Ba laifinka ba ne. Keke ba na kowa ba ne. Hau motar ragwaye, kyautar Zakin Tsauni."

Bas ya tsaya a gabansa. Jami'in zagaye ya sauko da almakashi, ya duba agogo, ya ce lokacin Katanga ya wuce, ya yanke lambar, ƙyat. Ƙanin Madam ya leƙo ta taga, haƙora duk a waje.

"Yaya! Tun safe nake yawo ba fasinja. Bismillah, kai ne na farko."

"Kashe abin nan."

"Ka ce ko mutum ya yi kuka. Kai ko kukan ba ka fara ba."

"To rufe taga."

"Taga ba ta rufuwa, Yaya."

"Idan mun kusa, ka sauke ni a kwana. Magana ce tsakanina da kai."

"Ni da na tambaye ka a gaban mutane? Ka ce ko kai ne. Ina ni ina karya dokar shugaba."

Aka loda Shugaba da kekensa. Ya so ya kwanta a daɓen motar ya ɓuya, cinya ta ce ba da ita ba. Da ya lanƙwasa ta sai ta kama shi. Dole ya zauna a bencin nan, a miƙe, ƙafa a gaba, fuska a taga.

A filin ƙarshe kuwa shiri ya kammala tun rana. Madam da yara suna ƙarƙashin rumfa. Ƙananan ma'aikatan ofis, waɗanda aka ce su zo don raɗin kansu ko su gani ranar aiki, suna riƙe da dogon ƙyalle: BARKA DA NASARA, ZAKIN TSAUNI. Mai hoton da Shugaba ya ɗauko ya kafa kyamara. Muka dinga isowa ɗaya bayan ɗaya, wasu a kan keke, wasu a gefensa. Mai Kemis ya shigo ana shirin naɗe igiya, aka rataya masa lamba, ya rungume wanda ya rataya masa. Madam sai leƙen hanya take.

Sai aka ji muryar.

"Ɗan'uwa, ka gaji? Ba laifinka ba ne."

Bas ya shigo filin a hankali, kamar yadda aka umarta. A jikinsa ga Shugaba yana murmushi da babban yatsa. A tagar da ke saman fostar, ga Shugaba kuma, ba murmushi, ba yatsa, ciyawa a hula. Motar da aka cire wa kujeru don ta ɗauki rabin ƙungiya, mutum ɗaya ta kawo. Ma'aikatan ofis ba su san ko su sauke ƙyallen ba, sai suka ƙara ɗaga shi. Mai hoto ya yi aikinsa da gaskiya. Direba ya ga jama'ar can gefe ba su gani sosai ba, ya ƙara zagaye.

Da aka buɗe ƙofa, Madam ta leƙa ciki, ta duba baya, ta dubi mijinta.

"Abban yara, duk motar nan kai kaɗai?"

Shugaba ya sauko, ƙwas, ƙwas, ya gyara murya.

"Jama'a, abin da kuka gani gwaji ne. Ba zan ba da mota ga al'umma ba tare da na tabbatar da ingancinta da kaina ba. Ina farin cikin sanar da ku cewa motar tana da kyau."

Lasifika ta amsa daga sama: "Keke ba na kowa ba ne."

Da yamma, bayan an shafa wa cinya man zafi, ya zauna a falo gefen keken, ya ɗauki waya. Ya shirya jawabi a ransa: iska, ingancin kwalta, makircin mai gyara, da kuma dalilin da ya sa dokar ba ta shafi wanda ya kafa ta ba. Ya buɗe guruf, ya nemi wurin danna murya. Babu. A ƙasa an rubuta cewa admin kaɗai ke iya aika saƙo.

A sama akwai saƙo ɗaya daga Mai Kemis, mafi tsawo da ya taɓa rubutawa:

"Barka da yamma 'yan'uwa. An bi dokar Shugaba, Allah ya saka masa. Gobe za a buɗe guruf kowa ya yi magana. Yau dai a bar shi a kulle, mu huta."

Muka yi ta zuba babban yatsa. Can zuwa jimawa wani sabon yatsa ya shigo a ƙarshen layi, shiru, ba gabatarwa.

Na Zakin Tsauni ne.