Tsohuwa Ta Tare

"Na ce fito, Tsohuwa! Daga gaban alƙali nake!"

Ɗanasabe ke nan a tsakar gida. Da hantsin nan ya iso Gozaki da jakunanshi daga fataucin Gwanja, ya iske kakarshi ta mamaye mashi ɗaki da tukwanen daddawa. Huhunan goronshi ga su zube a rana, in suka wuni a nan kuwa wahalar tafiya ta tashi a banza.

Tsohuwa ta leƙo. "Lale da angona! Haka ake gaida iyali?"

"Iyalin wa? Baki ba haƙori, ɗaki sai ka ce jaki ya mutu!"

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da ka tafi gara ce ke haya, ni na kore ta."

"Gara ta fi ki, ita ba ta surutu. Zanen aro dai ba ya rufe katara."

"Aro? Cibiyar ubanka a bayan ɗakin nan na binne ta, ja'iri mai ƙafar sauro. Me ka ce ma alƙalin?"

"Na ce wata mata ta tare mani ɗaki."

"Ta tare maka ɗaki, ko ta tare a ɗakinka?"

Ɗanasabe ya sosa ƙeya. Shi dai ya san ya ce ta tare. Alƙalin kuma kunne ya yi nisa.

"Ya tambaye ni me kike kirana."

"Ka ce?"

"Na ce... angona."

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ana cikin haka sai ga muryar Sanda, manzon alƙali, ta bayan danga:

"Malam ya ce a gaya ma Ɗanasabe, matar da ta tare ba a fidda ta sai da saki! In ya sake ta ma, a ɗakin za ta yi idda!"

"Wace idda? Kakata ce fa!"

"Ni dai abin da aka ce in faɗa ke nan."

Ɗanasabe ya dubi goro, ya dubi rana, dariya ta ƙwace mashi. Ya kwance huhu ya zaɓo fari ƙal ya miƙa mata.

"Amarya, a taimaka a sam ma miji lungu ya aje kaya."

Ta karɓa ta shinshina. "Shigo da su. Kai ka kwana da jakunanka."