Sharar da ta dace da idon manya

Da safiyar yau na faɗa kwata har gwiwa. Sanda na ɗauka zan zungure ledojin da suka toshe magudanar ruwan bayan gidana a unguwar Takur, nan Dutse, ƙafa ta zame, na fito takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya tafi inda ba a dawowa. Damina ta kawo jiki, katangata kuwa ta ƙasa ce. In ba a kwashe bolar da ke tura wa kwatar nan leda ba, ruwan farko a ɗakina zai sauka.

Abin haushin shi ne, maganin yana gida na uku daga nawa. A nan Dakta Safara'u take, injiniya, wadda ta shafe shekara goma tana binciken yadda ake raba shara. Ta ƙera inji mai niƙa tarkace ya zuba a ruwan gishiri, wata roba ta taso, wata ta nutse, maganaɗisu ya janye gwangwani. Da ta yi mini bayani na ce, “Dakta, ai wannan regen shinkafa ne.” Ta yi dariya ta ce, “Shi ne, Malam Tasi'u, sai dai nawa har da lissafi.”

An ce masana a ƙasashe talatin sun ambaci aikinta sau ɗari takwas a rubuce-rubucensu. Na kai wa maƙwabcina Ɗan'inna mai faci wannan albishir, ya ɗago kai daga tayar da yake liƙewa ya ce, “To madalla. A cikin ɗari takwas ɗin, mutum nawa ne ɗan Dutse?” A nan dai iyakar abin da muka sani game da ita shi ne motarta tana warin bola.

Sai da wata jaridar waje ta buga hotonta, manyanmu suka farga cewa tamu ce. Allah ya ƙara musu basira, nan take suka kafa kwamiti. Dakta abu ɗaya ta roƙa: a kafa injin a bakin bolarmu kafin ruwa ya sauka. Suka ce an gama, amma sai an yi bikin ƙaddamarwa, wanda Mai Girma Sarkin Almakashi zai yanke ƙyalle da hannunsa mai albarka.

Ranar biki na sa babbar rigata na je. An kafa rumfuna a wani fili mai shara tas, nesa da bola. Ga inji an ɗaura masa ƙyalle, ga kuma abin da za a zuba masa. Jama'a, sababbin bokitai ne da butoci, da gwangwanayen madara ko hudawa ba a yi ba. Ashe kwamiti ya zauna ya ga bai dace a kawo ƙazanta gaban babban baƙo ba, sai aka aika kasuwa aka sayo shara mai tsabta.

Na ga fuskar Dakta ta canza. Ta matsa kusa da shugaban kwamiti ta ce, “Ranka ya daɗe, na tanadi buhu shida daga bola. Suna ina?”

Ya ce, “Haba Dakta, ƙuda fa! Ga 'yan jarida.”

Aka yi jawabi bakwai. Kowane mai jawabi ya faɗi ɗari takwas ɗin nan kamar shi ya haife su, wani ma ya ƙara ya ce dubu takwas, aka tafa. Mai Girma ya yanke ƙyalle. Dakta ta miƙa hannu za ta kunna inji, sai Mai Girma ya leƙa ya ga butocin, ya ce, “Tsaya, waɗannan za a niƙe? Ai almubazzaranci ne.” Wuri ya ɗauki kabbara, an ga shugaba mai tattalin dukiyar jama'a. Ba a kunna injin ba. Aka raba kayan bisa tsari, manya bokiti da madara, mu talakawa buta. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na karɓa, kuma har yanzu ina jin kunyar yadda na yi godiya.

Bayan sati biyu na tare Dakta a ƙofar gida na ce, “Yaushe za a kawo injin bola?” Ta ce kwamiti ya rubuto mata. Injin ya zama kadarar tarihi, tunda Mai Girma ya taɓa shi, saboda haka ba za a bari shara ta ɓata shi ba. Yana wani ɗaki a kulle, an naɗe shi da leda.

Ta ƙara da cewa wasu masana daga wata ƙasa mai nisa, waɗanda suka ƙera irinsa daga takardunta suna ta aiki da shi, sun roƙe ta hoton yadda yake aiki a garin mai shi. Kwana tara ke nan ba ta ba su amsa ba. Raina ya ɓaci.

Yanzu haka hadari ya haɗo daga gabas. Ina miƙa godiya ga manyanmu da suka kare mana inji daga ƙazanta. Ku yi mini uzuri, zan je na matsar da gadona daga jikin katanga.