Rasuwar Moyna a Tsibirin Bhola

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Mofazzal Sikdar, tsohon malamin lissafi a Dhaka, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, Moyna. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a wani ƙauye can ƙurewar kudancin tsibirin Bhola, bayan gajeriyar jinya. Ta bar duniya tana da shekara talatin da ɗaya, ashirin da shida daga ciki a hannuna.

Marigayiyar fara ce, ko da yake da girma ya kama ta sai ta koma launin shayin madara. Ba ta da gaggawa, ba ta da riƙo. Matata Rowshan ce ta raɗa mata suna. Ƙofarta ta hagu ba ta buɗuwa daga ciki, don haka duk inda muka tsaya sai na zagaya na buɗe wa Rowshan. Matan unguwa suka riƙa yi wa mazansu gori da ni, mu kuwa ba mu taɓa faɗa wa kowa gaskiya ba.

Da daminar da ta wuce Allah ya karɓi Rowshan. Tun daga nan, muryar da ke amsa mini da safe ita ce ta Moyna: kir-kir-kir, tari biyu, sannan ta kama.

Rowshan ta bar wasiyya ɗaya, a kai wa yayarta Jobeda keken ɗinkin mahaifiyarsu. Ɗanmu Tanvir ya bugo waya daga ƙasar waje, ya ce, "Baba, ka ba masu kai saƙo mana. Wannan akwalar ba za ta kai ka ba, ga sanyi." Na ce, "Uwarka cewa ta yi a kai, ba ta ce a aika ba."

Ni da Moyna muka kama hanya daga Dhaka, muka kwana a garin Barishal, da safe muka isa mashigi. Hazo ya rufe kogi, ko bakin ruwa ba a gani. Sai da hantsi jirgin fito ya ɗauke mu, a tsakiyar ruwa kuma ya sake tsayawa, yana ta kaɗa ƙararrawa. Jama'a sun yi gungu-gungu, an lulluɓa da mayafai, ana miƙa wa juna shayi. Ni ina cikin Moyna, ina goge gilashi da hannun riga, babu abin gani.

A can ciwon ajali ya fara. Da jirgi ya isa gaɓa aka sauke gada, na murɗa makulli. Kir-kir-kir, shiru. Manyan motoci a bayana suka cika kogi da oda. Wani ma'aikacin jirgi mai jan baki saboda ganyen tauna ya leƙo ya ce, "Kawu, wannan mota ce ko kakarka ce ka fito da ita shan iska? Mu tura ta gaba ko mu tura ta ruwa?"

Na ce, "Saƙon mamaciya na ɗauko, ɗana."

Ya dubi kujerar gefena, ya tofar da abin da ke bakinsa, ya kira mutum huɗu. A gangaren gada ta yi tari ta kama. Awa uku ta yi tana tafiya a siririyar hanya tsakanin gonakin shinkafa da aka girbe, tana nishi, tana wari. Ba ta tsaya ba sai ƙofar gidan Jobeda. A nan ta mutu da kanta, ban taɓa makulli ba.

Jobeda ta fito tana dogara sanda, ta leƙa ta taga. Ta ce, "Mofazzal, keken ɗinki ka ɗaura wa bel?"

Na ce, "Hanyar ba kyau, Yaya."

Ta daɗe da hannunta a kan kujerar. Sannan ta ce, "Shigo. Wainar za ta huce."

Washegari aka kira Nurul mai gyaran injin kwalekwale. Ya buɗe gaba, ya shinshina, ya rufe a hankali. Ya ce, "Malam, ta ƙone ƙurmus. Ko Dhaka ka kai ta, ta'aziyyar dai za su yi maka, sai dai da Turanci."

Marigayiyar ta bar taya ɗaya na ajiya da bai taɓa taka ƙasa ba, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da wani ƙaramin matajin Rowshan a aljihun gaba wanda ban iya cirewa ba. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mazan ƙauye za su tura ta bayan gida, ƙarƙashin bishiyar dabino, a juya fuskarta ga kogi. Jobeda ta ce kajinta sun riga sun zagaya sun duba, wurin ya yi musu.

Mai son zuwa ta'aziyya ya taho da rigar sanyi, ya kuma yi haƙuri da jirgi, don sai hazo ya yarda yake tashi. Ba sai an yi sauri ba, za a same ni. Kowace safiya Jobeda takan tambaye ni yaushe zan koma gida, ni kuma in ce mata gobe.