Rasuwar Saitau, Mai Daidaita Idon Madubin Malam Abdulbaqi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka kumbura har ba sa bambance Zara da fitilar tirela, Malam Abdulbaqi Mustapha na Panshekara, makanikin injuna a wani kamfanin robobi da ke Challawa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da duk mai ɗaga kai ya dubi sama rasuwar amininsa Saitau, ɗan ƙaramin injin nan da ke murza maɓallin saita madubinsa na hangen taurari. Ya cika ranar ashirin da tara ga watan azumi, daidai faɗuwar rana, yana bakin aiki. Ya bar duniya yana da shekara shida da 'yan watanni.

Marigayin ba ɗan gata ba ne. A cikin wani mataccen injin buga tambari da aka yasar a Sharada Malam ya tsinto shi, ya goge shi da gefen riga, ya kai shi Dakata aka yanko masa mazaunin ƙarfe, sannan ya ɗaura masa ɗamarar roba ya haɗa shi da madubin.

Sai wanda ya san Malam kafin zuwan marigayin zai san girman rashin. Shekara ashirin da biyu yana dafe da injuna masu girgiza, har hannunsa ya koyi rawa ya ƙi mantawa. Da ya kai yatsa kan maɓalli, sai wata ya hau tsalle kamar an kaɗa masa kalangu. Taurari kuwa su fito a hoto kamar zobban labule. Ranar da ya nuna wa uwargidansa Sa'adiya hoton wata na farko, ta juya wayar sama da ƙasa ta ce, “Malam, wannan wainar wa ta soya? Ba ta tashi ba.”

Saitau ne ya share wannan hawaye. Malam yana tsaye daga nesa, hannu a aljihu, ya latsa ɗan rimot, sai ka ji marigayin ya amsa, “zzt, zzt,” ya matsa gaba kamar kaurin gashi, ya dawo rabin haka, sannan ya ce “ƙis.” Wannan “ƙis” ɗin, in ji Malam, ta fi masa jiniyar tashi daga aiki daɗi. A hannun marigayin aka ga ramukan wata ɗaya bayan ɗaya kamar kaskon masa, aka ƙirga Kaza da 'Ya'yanta har da waɗanda ido bai san tana da su ba. Bai taɓa tambayar an kawo wuta ko an ɗauke ba, ɗan batirin cajin waya ya ishe shi. Hayaƙin kamfanoni ya sha, warin jima na Challawa ya shaƙa, sauro ya gani, bai taɓa neman hutu ba.

Ciwon ajali ya soma da tari. Maimakon “zzt” sai “kar-kar-kar,” a ce ya yi gaba ya yi baya. Malam ya yi masa jinya iya saninsa, ya kwantar da shi sati guda. Amma ya riga ya yi alkawari. Ma'aikatan sashensa, 'yan Jigawa da 'yan Maraɗi da ke ɗaure da jakunkunansu suna son sanin ko gobe Salla, sun yi wata guda suna tsokanarsa cewa madubin nasa bututun ruwa ne kawai. Shi kuwa ya bugi ƙirji a gaban kowa cewa in jinjirin wata ya tsaya, zai ɗauko musu hotonsa kafin su gama kunu.

Ranar ashirin da tara aka hau rufin siton kamfani, mutum kusan talatin, kowa da dabinonsa a hannu. Rana ta faɗi. Malam ya auna madubi yamma, ya latsa. Marigayin ya yi tari, ya tsaya. Allon kyamarar da ke jikin madubin fari fat kamar koko.

Wani dattijo mai gadi ya ce, “Malam Abdulbaqi, ku bar wahalar da kanku, mu sauka mu kunna rediyo.”

Malam ya matso kusa da madubin. Ya sunkuya ya raɗa wa Saitau abin da har yau ya ƙi faɗa wa kowa, ya sake latsawa. Marigayin ya ja wani dogon “zzzzzt” irin na ƙuruciyarsa, ya ce “ƙis,” wani siririn hayaƙi ya tashi daga bayansa. A kan allo kuwa ga jinjirin wata nan siriri kamar yankan farce, tsaf, babu ko gargada.

Rufin sito ya kaure da kabbara da shewa. Aka ɗaga Malam sama, hularsa ta faɗa cikin bokitin kunu. Da suka ga yana kuka sai suka ƙara ɗaga shi, a zatonsu murna ce. Yana ta cewa, “Ku sauke ni, ya mutu!” suna amsawa, “Wallahi ya fito, Malam!” Da rediyo ya tabbatar da ganin wata, kowa ya saɓi jaka ya nufi tasha, aka bar shi da gawa.

Sagir mai gyaran lantarki na Bompai ne ya buɗe cikin marigayin bayan Salla. Ya tarar da kiyashi sun kafa gari guda a ciki, har da unguwanni. Ya shinshina ya ce, “Malam, me kuka zuba masa?” Sa'adiya, wadda ta kwana biyu tana cigiyar kwalbar man gyaɗarta, ta buɗe baki, Malam ya ce ƙaddara ta riga fata. Iyalai suna roƙon a bar maganar nan haka.

Marigayin ya bar madubi guda, wanda tun ranar yake kallon bango. Ya bar kyamara, da mazaunin madubi mai ƙafa uku wanda ɗaya ta gurɗe, da murfin bokiti mai tsage-tsage da suke auna kaifin tauraro tare, da wata wayar caji mai naɗin salatif wadda kowa ya ɗauka ita za ta riga shi.

Limamin unguwa, bayan ya gama dariya, ya ce ƙarfe ba ya buƙatar salla. Saboda haka za a naɗe shi a sabon hankici ranar Asabar bayan la'asar, a sa shi cikin gwangwanin madara, a kai shi makwancinsa a saman kwaba. 'Yan jari-bola kada su wahalar da kansu. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, akwai zoɓo.

Roƙo ɗaya ga masu zuwa ta'aziyya: maɓallin madubin yana nan daidai inda marigayin ya bar shi, Malam ya naɗe shi da salatif ninki bakwai. A duba, a yi addu'a, a wuce. Duk wanda ya murza shi, to ya sani zaman makokin zai zama biyu.