Motar da Ta Yi Kwanci Ba Igiya

"Lafiya ƙalau, ban da ganinki," in ji Kaka, bai ko ɗago ba.

Yana tsugune gaban injin ƙyanƙyasa a ɗakin ajiya. Ƙwai sittin ne a ciki, saura kwana biyu su ƙyanƙyashe, wuta kuma ta ɗauke tun hantsi. Jikarsa mai gyaran motocin lantarki, wadda yake kira Amarya tun tana goye, ta jingina da ƙofa.

"Tsohon miji, sun huce?"

"Sun fara. In suka mutu, ke ce mai farar ƙafa."

"Hau ka kwanta a kansu mana. Rigar nan ta isa rufe sittin."

"Me kika kawo, ban da baki?"

"Wuta. Tana cikin mota."

"Motar da kullum take shanye wutar gidana? Yau kura ce da rabon nama?"

"Yadda take sha, haka take mayarwa. Taso."

Ya biyo ta rumfa yana ƙunƙuni. Nan ta kafa faifan caji a ƙasa watan jiya. Yau ga kwanon ruwan kaji zaune daram a kai.

"Wa ya ɗora wannan?"

"Wuri na gani a shimfiɗe, ba mai shi."

"In da ƙarfe a tsakani ba ta yarda. Kawar."

Ya kawar da shi da sanda, kamar ba shi ya ajiye ba. Ta gyara motar har ta daidaita bisa faifan, ta fito tana latsa wayarta. Kaka, wanda ya yi shekara arba'in yana ja wa mutane wayar wuta a gidajensu, ya miƙa hannu.

"Ba ni igiyar in jona."

"Babu igiya."

"Babu?"

"Daga faifai zuwa gida akwai waya a binne. Tsakanin mota da faifai kuwa, iska ce, taƙi ɗaya."

"A gidana za a yi zama ba igiya? Ni da ke ma uku ce, kin ga irin riƙon da kike mini."

"Kai da ko lefe ba ka kawo ba?"

Sai daga ɗakin ajiya aka ji fankar injin ta tashi. Ya je ya duba: jar fitila a kunne. Ya dawo, ya durƙusa da ƙyar, ya zura sandarsa ƙarƙashin motar, ya kai ta nan, ya kai ta can. Ba ta taɓa komai ba. Ya daɗe a haka.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Shekara arba'in ina huda bangon mutane, ashe wuta ta san hanya."

"In ɗaga ka, ko ka zama faifai na biyu?"

Ta ɗaga shi. A ɗaki ya kara kunne jikin injin. Ɗumi ya dawo, wani ƙwai kuma yana ƙwanƙwasawa daga ciki.

"Ɗan tsakon farko naki ne."

"Ɗaya tak, cikin sittin?"

"Na biyu na uwarsu," ya nuna rumfa da haɓa. "Ita ta yi kwanci."

"Rowa dai."

"Gode wa motarki, Amarya. Da niyyar datse igiya ɗaya na tashi yau." Ya yi dariya. "Na fasa. Na ga marar ko ɗaya ma tana riƙe gida."